Ramukan kuzar Jos: shuka bishiyar turare ba shi ne gyaran ƙasa ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Jos zuwa Bukuru ya miƙe Barikin Ladi ya san yanayin wajen, tulin jar ƙasa nan da can, a gindin kusan kowane tuli kuma ga ruwa kwance, wani kore shar wani jaja-jaja, baƙo sai ya ɗauka tafkuna ne da Allah ya yi su haka tun fil'azal har ya sa direba ya tsaya ya ɗauki hoto. Ramukan kuza ne, ɗaruruwansu, kuma ƙasar da haƙar ta taɓa a tsaunin Jos an ƙiyasta ta haura murabba'in kilomita 300. Duk lokacin da yaro ya nutse a ɗaya daga cikinsu sai surutu ya tashi, a cike ramukan nan, a shuka bishiyoyi, ina gwamnati take, bayan sati biyu kuma shiru. Ni a ganina maganar cikewa da shuka bishiya ɗin ita kanta akwai gyara a cikinta, domin an taɓa gwadawa, kuma abun da ya fi muhimmanci a lamarin ido baya ganinsa, yana can ƙarƙashin ƙasa.

Kuza dai ba Bature ne ya koya mana ita ba, mutanen Ririwai sun daɗe suna narkar da ita suna kaiwa kasuwa, a hannun fatake ma Turawan Kamfanin Neja suka fara ganinta suka bi sawu har suka iso tsaunin a farkon shekarun 1900. Zuwa 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru saboda kuzar. Lokacin yaƙin duniya na biyu da Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai aka juyo kan Jos gaba ɗaya, aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abun da kakanninmu ke kira diban gwamna, da yawa sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe su. A 1943 an fitar da kusan tan 17,000, ba'a sake kai wannan adadin ba. Daga nan abun ya dinga ja da baya a hankali, da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985 kuwa sai manyan kamfanoni irin su ATMN suka zama tarihi, aka bar ramuka a buɗe.

Sai an gane yadda aka yi haƙar sannan za'a gane me yasa ƙasar ta ƙi warkewa. Yawancin kuzar Jos ba a cikin dutse ake fasa ta ba, tana kwance ne cikin tsakuwa da yashin tsofaffin hanyoyin ruwa waɗanda ƙasa ta binne tuntuni, toh kafin ka kai gare ta sai ka yaye duk abun da ke samanta, wani wurin mita goma wani wurin ashirin ko fiye. Da farko leburori ne da diga da shebur da kwanon sarki, daga baya aka kawo manyan injinan yaye ƙasa. Kuma shi injin ba ruwansa, abun da ya fara kamfata shi yake fara zubarwa, kaga kenan baƙar ƙasar sama mai taki da irin ciyawa da tsutsa da duk wani abu mai rai ita ce ta koma can gindin tuli, matacciyar ƙasar can ƙasa, yumɓu da marmara da tsakuwa, ita ta dawo sama. An kifa ƙasar ne, shi yasa zaka ga tulin da ya shekara saba'in har yanzu ciyawa tsilli-tsilli ce a jikinsa, ruwan sama na zuwa yana tsaga shi kwari-kwari. Sannan duk tsawon lokacin da ake aiki a rami famfo na ta zuƙe ruwan da ke tsattsafowa dare da rana, ranar da aka kashe famfo ruwa ya dawo ya cike gurbinsa, shikenan an samu kududdufi.

Ba wai ba'a taɓa tunanin gyara ba. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ɗora wa kamfanoni nauyin gyara filin da suka haƙa, sai dai bata waiwayi ɓarnar shekaru arba'in da aka riga aka yi kafin ita ba, kuma kamfani na iya riƙe fili ya ce bai gama da shi ba tukuna. Gwamnatin Arewa ta kafa wani sashe na musamman na farfaɗo da filayen haƙa, aikinsu shi ne a baje tuli da katafila, a tura ƙasa a ramin da zai ciku, a shuka bishiyar turare layi-layi, da niyyar wai bayan wasu shekaru ƙasa zata farfaɗo a mayar wa manoma. A gaskiya zaɓen turare ba wauta bane a lokacin, tana fitowa a ƙasar da ba abun da ke yarda ya fito, tana girma da wuri, shanu da awaki basu damu da ganyenta ba, ga itacen girki ga sandunan gini ga turakun waya. Amma ɗan abun da aka gyara bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da faɗin ɓarnar, kuma da masana daga Jami'ar Jos da Jami'ar Durham ta Ingila suka bi diddigin ƙasar da ke ƙarƙashin waɗannan bishiyoyi a shekarun 1980, sai suka tarar bata wani farfaɗo ba, tsami ma ta ƙara yi.

Ka shiga irin wannan dajin turaren da rana ka duba da kanka. Ganye ne busasshe a shimfiɗe mai ƙamshi wanda baya saurin ruɓewa, ka tona da ƙafa zaka tarar da jar ƙasar nan tauri kamar yadda katafila ta barta, babu wasu ƙananan tsirrai kirki a tsakani, babu 'ya'yan itacen da tsuntsu ko biri ko jemage zai zo ci. Ƙudan zuma dai na son furenta, wannan kam a bata haƙƙinta, kuma itacen da ake sara a nan ya rage wa sauran dazuzzuka nauyi. Amma a ce wannan mazaunin namun daji ne, a'a, gonar katako ce. Daga kan titi kore ne, a rahoto kuma an rubuta hekta kaza an gyara.

Wanda yake so ya ga abun da ƙasar Jos ke iya ɗauka idan an barta, ya je Amurum kusa da ƙauyen Laminga, gabas da Jos. Ɗan daji ne da bai wuce hekta 300 ba, a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take tun 2001 tare da Jami'ar Jos, kuma an ga nau'in tsuntsaye wajen 300 a wannan ɗan wurin. Sirrin wajen shi ne ba abu ɗaya bane, akwai duwatsu masu ƙananan bishiyoyi a tsagoginsu, akwai fili mai ciyawa da sarƙaƙiya, akwai kurmi mai duhu da ke bin bakin rafi, kowanne da masu zama a cikinsa. Akwai wata 'yar tsuntsuwa ja dangin baiwar Allah mai zama a duwatsu, wadda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ce daban da ba'a taɓa rubutawa ba, kuma yadda aka gano ta abun mamaki ne. Wani ɗan baƙin tsuntsu ne na tsaunin Jos wanda baya yin sheƙa, sai dai macen ta saka ƙwanta a sheƙar wata ta rena mata, namijin kuma in ya girma kukan wadda ta rene shi yake kwaikwaya, toh sai aka ji yana wani kuka da ba'a san mai shi ba, aka bi aka bi har aka samo mai kukan. Kaga idan babu irin ciyawar da jar tsuntsuwar ke cin 'ya'yanta a gindin dutse ita zata tafi, in ta tafi shi ma baƙin ya ƙare, kuma turare miliyan ba zata dawo da ko ɗayansu ba.

Saboda haka gyara don namun daji aiki ne na haƙuri kuma ba shi da kyan hoto a shekarun farko. Tulin da ya yi tsayi a rage masa gangara yadda ruwa ba zai kwashe shi ba, a nemo ƙasar sama ko taki a shimfiɗa ko da a gurbi-gurbi ne, a fara da ciyawa irin su gamba da tsirrai dangin wake masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, sannan a kawo bishiyoyin gida, ɓaure da ɗorawa da ɗinya da kanya da atili, malmo kuma a bakin ruwa. Ɓaure musamman, domin in ya fara 'ya'ya tsuntsaye da jemagu zasu dinga zuwa, su ci a nan su yi kashi a nan, a cikin kashin akwai irin wasu bishiyoyin da suka ci a wani dajin, su zasu ƙarasa maka shukar kyauta. Abun da ke kashe irin wannan aikin ba rashin dashe bane, wutar daji ce da rani da kiwo da gatari a shekaru biyar ɗin farko, da kuma lantana, wannan sarƙaƙiyar mai ƙananan furanni da ta mamaye wurare da yawa a Jos tana danne duk wani ɗan tsiro. Kuma kowa ya san maganar fili da kiwo a Barikin Ladi da Riyom ba ƙaramar magana bace, an yi asarar rayuka a kanta, don haka duk wanda ya zo da waya ya kewaye fili ya ce na tsuntsaye ne ba tare da ya zauna da masu ƙasar da manoma da makiyaya an yi yarjejeniya ba, wata fitinar ya shuka.

Su kuma kududdufan, matsalarsu ga dabbobi ita ce dai matsalarsu ga yara, bakinsu a tsaye yake. Taku ɗaya daga gaɓa ka faɗa zurfin da ya fi tsayin gida, ruwan can ƙasa sanyi ƙalau kuma babu iska a cikinsa sosai. Rayuwar tafki kuwa kusan duk a gefe take inda ruwa bai wuce gwiwa ba, nan rana ke kaiwa ƙasa ciyawar ruwa ta fito, nan kwaɗi ke ƙwai, nan 'ya'yan kifi ke ɓuya, nan zalɓe da balbela ke tsayawa su yi kiwo. Kududdufin da aka zaftare masa baki ɗaya ko biyu ya zama gangara mai sauƙi, aka bar ɗan tsibiri a tsakiya inda kare da yaro mai danƙo basa kaiwa, cikin 'yan shekaru zaka ga ƙirinjijiya da kajin ruwa sun sauka, kuma saniya ko yaron da ya zame yana da hanyar fita. Wannan ya fi cikewa arha nesa ba kusa ba. Sai dai a sa ido kan kacalla, mutanen Hadejia da Nguru zasu baka labarin yadda take toshe ruwa idan ta samu wuri.

Cike su duka ma ba mai yiwuwa bane, kuma ba kowa ke so ba. Ka je bakin irin waɗannan ramuka a watan Janairu ka ga injinan ban-ruwa suna ta ƙara, kabeji da karas da latas da tumatir da dankalin Turawa da ake lodawa zuwa Abuja da kudu wani kaso nasu da wannan ruwan ake noma su, makiyaya na shayarwa, masu bulo na ɗiba, wasu sun zuba tarwaɗa, na Rayfield har wurin shaƙatawa aka mayar da shi. Manoman bakin kogin Dilimi kuwa sun yi abun da sashen gwamnati bai yi ba, sun mayar da matacciyar ƙasar haƙa gona da kashin shanu da na kaji da tokar bolar gari. Toh amma tokar bola akwai batir a ciki akwai gwangwani akwai roba, abun da ya gyara ƙasa yana iya shigo da dalma. Kenan ramukan sai an tantance su ɗaya bayan ɗaya, wanda ke tsakiyar unguwa yana cin yara a cike shi ko a katange, wanda ake noma da shi a gyara masa baki a dinga auna ruwansa, wanda ke nesa da gari kusa da duwatsu ko rafi a bar wa namun daji.

Yanzu ga inda na fi damuwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a Jos ba wani kogi bane ke gudu a can ƙasa, yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da yashin da ke saman dutsen giranet, wanda rijiyoyin gida ke kaiwa gare shi, sai kuma wanda ke cikin tsagogin dutsen can ƙasa inda bohol ke nema. Ramin da aka haƙa ya wuce matakin wannan ruwan, a taƙaice ƙatuwar rijiya ce marar murfi. Duk abun da aka zuba a ciki, shara, mushe, baƙin mai, ragowar takin zamani da maganin feshi daga gonakin gefe, bahayan unguwa, ya samu ƙofa kai tsaye ba tare da ya bi ta cikin ƙasar da zata tace shi ba. Kuma alaƙar tana juyawa da lokaci, da damina ƙasa na iya tura ruwa cikin kududdufi, da rani kuma in injina suka zuƙe shi ya yi ƙasa sai ya dinga janyo ruwan rijiyoyin maƙwabta, a wani wurin kuma shi ne ke ciyar da rijiyoyin. Wasu ramukan ma laka ta liƙe gindinsu basu da wata alaƙa da rijiyar kowa. Ba mai iya sanin wanne ne wanne da ido, sai an auna.

Awon kuma ba wani sihiri bane. Ana buƙatar rijiyoyi aƙalla uku a kewayen rami waɗanda aka san tsayin bakin kowacce da na'urar safiyo, a dinga zura tef mai ƙara in ya taɓa ruwa ana rubuta zurfin duk wata, daga bambancin matakin ruwan a rijiyoyin nan uku ake gane ta ina ruwan ke gangarawa. In an san haka sai a tabbatar akwai rijiya ɗaya ta sama da ramin, wadda ruwanta bai bi ta wajen haƙa ba, da wasu ta ƙasa da shi, domin kwatanta su ne zai nuna abun da ramin ya ƙara. Akwai 'yar na'ura ta hannu da ake tsomawa ta nuna tsamin ruwa da yawan gishirin da ya narke a ciki, wannan ɗan sakandare ma zai iya in an koya masa. Sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina, a ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji, a duba dalma da yuraniyom da naitiret da fuloraid da ƙwayoyin cutar bahaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, dalma kar ta wuce miligiram 0.01 a lita, yuraniyom 0.03, fuloraid 1.5, naitiret 50. Wahalar ba a awon take ba, a ɗorewa take, a yi shekara goma ana yi a rijiyoyi guda ba tare da an fasa ba. Abun da muke da shi yanzu yawanci ɗalibi ne zai je sau ɗaya ya ɗebi kwalba goma ya rubuta kundin digiri, wani ya ce ruwan lafiya lau wani ya ce guba ne, kuma mai yiwuwa dukkansu gaskiya suka faɗa, domin rami daban wata daban.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa ko da bai yi wa masu son tada hankali daɗi ba. Kuzar da ake wankewa daga yashi ba irin ma'adinan nan bane masu sinadarin farar wuta da ke haɗuwa da iska da ruwa su zama asid, irin abun da ke fitowa daga tsofaffin ramukan kwal na Inugu, ko abun da ake tsoro a wuraren haƙar dalma da zinki kamar Zurak a Wase. Haɗarin kuza ya fi yawa a baƙin yashin da ke ragewa bayan an tace ta, wanda ke ɗauke da wasu ma'adinai da ake kira monazait da zirkon masu toriyom da yuraniyom, suna fitar da radiyeshan. Waɗannan basa narkewa a ruwa da sauƙi, matsalarsu ita ce ƙurar da masu aikin injin tacewa ke shaƙa, da tulin da yara ke wasa a kai, da wanda zai kwashi yashin a tifa ya yi filastar ɗakin kwanansa saboda arha. Darasin Zamfara kenan, a 2010 da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, babbar hanyar gubar ƙurar dutsen zinare ce da ake daka ana niƙawa a tsakar gida, shi yasa maganin ya zama kankare ƙasar saman gidaje a binne a zubo sabuwa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013. Wanda ya tsaya auna rijiya kaɗai a can da bai ga girman matsalar ba. A ɗaya ɓangaren kuma shi kansa dutsen giranet yana sakin wasu abubuwan ba tare da an haƙa komai ba, a yankin Langtang an daɗe da sanin fuloraid na ɓata haƙoran yara kuma wannan daga ƙasar yake. Idan baka da rijiyar kwatance, komai aka gani sai a ɗora wa kuza, ko kuma mai haƙa ya ce ai dama haka ruwan yake, kuma babu mai hujjar ƙaryata wani.

Kar mutumin Kaduna ko Bauchi ko Yobe ya ce ina ruwansa. Tsaunin Jos nan ne mafarin kogin Kaduna da Gongola, Dilimi kuma da ta ratsa cikin garin Jos ita ke gangarawa ta haɗu da ruwan Jama'are ya nufi Yobe da tafkin Chadi. Lakar da ruwa ke kwasa daga tulin da ba ciyawa bata tsayawa a Filato.

Maƙwabtanmu na Nijar suna cikin irin wannan jarrabawar yanzu haka, kuma tasu ta fi tsanani. Kamfanin COMINAK da ke haƙar yuraniyom a Akokan kusa da Arlit tun 1978 ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20 a fili, shirin da aka sanar shi ne a lulluɓe ta da yumɓu da dutse kaurin mita biyu sannan a ci gaba da bibiyar ruwa da iska na wasu shekaru. Can hamada ce, ruwan da ke ƙasa tsohon ajiya ne wanda ruwan sama baya mayar da gurbinsa, in ya gurɓace babu wani. Shekara da shekaru ƙungiyar Aghir In'man ta mutanen Arlit da wata cibiyar awon radiyeshan mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, suna ja da alƙaluman kamfanin. Abun lura a nan, a Arlit ana awo, rigimar ita ce wa ke riƙe da tef ɗin kuma wa ke ganin sakamakon. A Jos mu ko wannan matakin bamu kai ba.

A takarda dai Najeriya bata rasa doka ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce mai lasisi ya gabatar da shirin kare muhalli da gyaran fili, ya kuma dinga zuba kuɗi a wani asusu na gyara, akwai sashe guda a ma'aikatar ma'adinai da aikinsa kenan. Amma wannan ya shafi mai lasisin yau ne, ramin da kamfanin da ya mutu shekara arba'in ya bari ba shi da uba, ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, ƙasa a hannun gwamnan jiha take, gawar yaro kuma ta mutanen unguwa ce.

Sannan haƙar ma bata ƙare ba, nan ne duk wani shirin gyara ke cin tuntuɓe. Kuza ta sake daraja saboda da ita ake like kayan cikin waya da kwamfuta, matasa da mata sun koma tsofaffin filayen suna haƙar da ake kira loto, rami ƙunci kamar rijiya a zura mutum da igiya ya bi jijiyar kuzar ta ƙarƙashi, ana janyo ƙasa da bokiti, injin na zuƙe ruwa, ƙasa ta rufta da mutane ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A watan Fabrairun 2025 gwamnan Filato Caleb Mutfwang ya sa hannu a dokar dakatar da haƙar ma'adinai a jihar, amma mai neman abun da zai ci yau ba takarda ce zata hana shi ba. Kowane ramin loto wata sabuwar ƙofa ce zuwa ruwan ƙasa, kuma sun fi tsofaffin kududdufai wuyar gani domin ciyawa na rufe bakinsu. Don haka kafin a kashe ko naira ɗaya a dasa ɓaure a kan wani tuli, a fara ɗibar ƙasarsa a wanke a ga ko da sauran kuza a ciki, domin injinan da can basu tsince ta duka ba. In akwai, gara a bar masu haƙa su gama da shi cikin tsari, ƙungiya-ƙungiya da rajista, da sharaɗin su ware ƙasar sama gefe guda su mayar da rami in sun tashi, sannan a zo a yi dashe. In ba haka ba ranar da farashi ya ƙara tashi, da bishiyar da rijiyar awon duk za'a tone su a dare ɗaya.